Kafin Ka Saro Za'arur

Ɗana, 

Saƙonka ya iso ni, na kuma ga hoton buhunan da dillalinka na Guwanzu ya turo maka. Ka ce 'ya'yan itace ne jajaye, an yanka su fale-fale an shanya, Sinawa na ce musu shanja, Turawan Ingila kuma hawthorn, an kuma tabbatar maka suna maganin hawan jini da ciwon zuciya. Kana so ka sa kwalaye masu yawa a kwantenarka ta gaba, ka ƙulla a ƙananan ledoji ka rarraba wa masu sayar da maganin gargajiya, shi ne ka nemi in sa maka albarka. Albarka kam kana da ita, Allah ya buɗa maka. Sai dai ka ba ni aron kunnenka tukuna, domin wannan kaya ya sha bamban da atamfa da takalman da ka saba kawowa. Wanda zai saya a hannunka dattijo ne da ke haki idan ya taka zuwa masallaci, ko baiwar Allah da ƙafafunta suka kumbura, kuma abin da ka rubuta a jikin ledar shi za su gaskata.

Larabawa na kiran itacen za'arur, da wannan sunan zan ci gaba don ya fi sauƙi a bakinmu. Itacen ƙasashen sanyi ne: Turai, arewacin Asiya, Amurka ta Arewa, har zuwa tsaunukan Turkiyya da Iran da Meziko. Idan ka hango shi za ka tuna da magarya, gajere, ga ƙaya, ga 'ya'ya ƙanana masu ƙwallo da tauri. Kamannin ya tsaya nan, ba su haɗa dangi ba. Za'arur ɗan'uwan tuffa ne da furen wardi. Masana tsirrai sun raɗa wa zuriyar suna Crataegus, kuma nau'o'inta sun kai ɗaruruwa. Ka riƙe wannan maganar ta ɗaruruwa da kyau, don a kanta duk zancenmu zai rataya.

A Ingila shinge ake yi da shi. A ƙarni na 18 da na 19, lokacin da majalisarsu ta yi dokokin killace filayen noma da kiwo, an dasa dubban mil na shingen za'arur, har yau su ne suka raba gonakinsu. Yana fure fari tas a watan Mayu. Nasu na Turai 'ya'yansa ƙanana ne, ba tsami, ba zaƙi sosai, tsuntsaye suka fi cin su a lokacin hunturu. Na Meziko, wanda suke kira tehokote, ruwan ɗorawa ne kuma ya fi girma, suna dafa shi cikin abin sha mai zafi lokacin Kirsimeti. Wanda aka nuna maka kuwa na Sin ne, Crataegus pinnatifida, ana noma shi a lardunan arewa irin su Shandong da Hebei da Henan. Ja ne da ɗigo-ɗigo a ɓawonsa, ga tsami mai kama haƙori. Shi ne ake jerawa a tsinke a tsoma cikin narkakken sukari a sayar a titunan Beijin lokacin sanyi, kuma da shi ake yin alawar nan siririya mai da'ira da ake naɗewa a takarda.

To me Sinawa suke nema a jikinsa? Narkar da abinci, musamman nama da maiƙo. Tun a babban littafin magunguna na Li Shizhen, wanda aka buga a 1596, an ambaci cewa idan aka jefa 'ya'yan za'arur kaɗan cikin tukunyar tsohuwar kaza, naman yakan yi saurin laushi. Kundin magungunan ƙasarsu na yau yana auna ingancin busassun 'ya'yan ne da yawan tsamin da ke cikinsu, irin tsamin lemo, kuma abin da ya ƙayyade wa mutum a rana giram 9 zuwa 12 ne. Suna kuma amfani da shi wajen rage kitse a jini. Amma asalin sunan da ya yi a wurinsu, na wanda ya cika ciki da nama ne har ya kasa sakat.

Labarin zuciya daga Turai ya taso. Ana ba da labarin wani likita mai suna Green a garin Ennis na ƙasar Ailan, wanda ya yi suna wajen jinyar masu ciwon zuciya da wani magani da ya ɓoye sirrinsa, sai bayan rasuwarsa a 1894 iyalinsa suka bayyana cewa jiƙon za'arur ne. A 1896 wani likita a Amurka, Jennings, ya rubuta a kansa a mujallar likitoci ta New York, daga nan abin ya bazu. Jamusawa ne suka ɗauke shi da gaske. Su kuma da suka duƙufa bincike, sai suka karkata ga ganye da fure, don a nan ne wasu sinadaran da ake kira filabonoyid, irin su bitekisin da haifarosayid, suka fi taruwa. Akwai kuma wani rukunin, furosiyanidin, wanda ake samu a ganye da fure da 'ya'ya baki ɗaya, shi ne mai kawo ɓaurin nan da ke kama harshe. Gwajin da aka yi a ɗakin bincike da kan dabbobi ya nuna waɗannan sinadarai suna sassauta jijiyoyin jini, suna ƙara yawan jinin da ke ciyar da tsokar zuciya, suna kuma ɗan ƙara mata ƙarfin matsawa. A 1994 kwamitin gwamnatin Jamus mai tantance magungunan tsirrai ya amince da ganye haɗe da fure ga mai raunin zuciya marar tsanani. 'Ya'yan su kaɗai bai ba su wannan amincewar ba.

Ka ga inda gizo ke saƙar. Shaharar da ake tallata maka ta ganye da furen za'arur na Turai ce, wanda kamfani ya tace ya auna, kowace ƙwaya da adadin sinadarin da ke cikinta. Abin da ke cikin buhunan dillalinka 'ya'yan wani nau'in ne dabam, daga wata ƙasa dabam, ba wanda ya auna maka abin da ke cikin yanka guda. Ba na ce babu alheri a cikinsu ba, suna da furosiyanidin ɗinsu mai yawa. Amma shaidar da aka yi wa wancan ba za a ɗauko ta a liƙa wa wannan ba. Yawan sinadarin ma yana sauyawa da nau'in itacen, da ƙasar da ya tsiro, da nunar 'ya'yan lokacin tsinka, da yadda aka shanya su, da daɗewarsu a sito.

Shi kansa na Turai ɗin, bari in gaya maka iyakar abin da aka gani, don kada ka ɗauka wani abin mamaki ne. A 2008 ƙungiyar Cochrane, masu tattara gwaje-gwajen likitanci su tace su, sun duba gwaji 14 da aka yi a kan masu raunin zuciya. Sun samu cewa waɗanda aka ƙara wa tataccen za'arur a kan maganinsu na asibiti sun ɗan fi jure motsa jiki, haki da kasala sun ragu musu. Wannan abin farin ciki ne, kuma ban raina shi ba. Wanda bai taɓa kwana a zaune don numfashi ya ƙi ba, ba zai san darajar ɗan sauƙi ba. Amma a 2008 ɗin ne aka buga sakamakon gwaji mafi girma, wanda ake kira SPICE, a ƙasashen Turai: marasa lafiya 2,681, rabi ana ba su miligiram 900 na tataccen za'arur na wani kamfanin Jamus kullum, rabi ana ba su ƙwayar da ba magani a cikinta, har tsawon shekara 2. Tambayar ita ce ko zai jinkirta mutuwa ta dalilin zuciya, ko bugun zuciya, ko kwanciya asibiti. Da aka yi lissafi, bambancin bai kai wanda za a kafa hujja da shi ba. An dai ga alamar raguwar mutuwar farat ɗaya ga wani ɓangare na waɗanda rauninsu bai yi tsanani sosai ba, an kuma ga bai cutar ba. Wani gwajin ƙarami a Mishigan ta Amurka, mai mutum 120, bai ga wani amfani ba. Kuma ka lura, a manyan gwaje-gwajen nan ba wanda aka ce ya ajiye maganin likitansa. Ƙari aka yi a kai.

Shi ya sa a 2016 hukumar magunguna ta Tarayyar Turai, da ta zo yanke hukunci, ta ajiye ganye da furen za'arur a sahun maganin gargajiya: na faɗuwar gaba da bugun ƙirji da damuwa ke kawowa, bayan likita ya duba ya tabbatar babu wata babbar cuta, da kuma na taimaka wa barci. Nan ta tsaya.

Hawan jini kuwa, wanda na san shi ne zai fi ja maka ciniki, shaidarsa ta fi ƙaranci. Gwajin da aka fi ambata an yi shi a Jami'ar Reading ta Ingila, aka buga a 2006. Masu ciwon sukari 79 ne, akasarinsu suna kan maganin hawan jini, aka ba wasu miligiram 1,200 kullum na mako 16. Lambar ƙasa ta awon jininsu ta sauka da abin da bai kai maki 3 ba, ta sama kuwa ba ta nuna bambanci ba. Yanzu ka kawo a ranka mutumin da awonsa ya kai 180, ya gaji da sayen ƙwaya wata-wata, ga tsada, sai ya ga ledarka an rubuta "maganin hawan jini". Me kake zaton zai yi? Zai ajiye ƙwayar ya kama shan jiƙo. Hawan jini kuma ba ya sallama. Mutum yana jin kansa garau har ranar da ɓarin jiki zai shanye ko ƙoda ta tsaya. Ranar nan ba wanda zai tuna da ledarka, kai ma ba za ka ji labari ba, amma nauyin yana wuyanka. Wannan shi ne abin da ya hana ni amsa maka da "to" kawai.

Akwai kuma masu jego. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka rubuta yadda raunin zuciya bayan haihuwa ya yawaita ga matanmu fiye da yawancin sassan duniya, har yau kuma asibitocin Kano da Sakkwato suna ganinsa. Mace ta haihu, ƙafa ta kumbura, numfashi ya yi sama-sama, dangi su bazama neman taimako. Irin wannan baiwar Allah asibiti take buƙata da gaggawa, duk ranar da aka ɓata wajen jiƙe-jiƙe an rage mata dama. Hukumar Turai ɗin nan ba ta yarda mai ciki ko mai shayarwa ta sha za'arur ba, don ba a gwada a kansu ba. Sinawa ma da kansu suna hana mai juna biyu yawan cinsa.

Ga mai lafiya, illarsa kaɗan ce: jiri, tashin zuciya, ɗan murɗawar ciki. Mai shan maganin zuciya irin digozin, ko maganin saukar da jini, ko na tsinka jini, lallai likitansa ya sani kafin ya haɗa. Tsamin na Sin yana tayar wa mai olsa da ƙwannafi. Akwai kuma wani abu da likitocin arewacin Sin suka saba gani a lokacin kakarsa: mutum ya ci ɗanyun 'ya'yan da yawa cikinsa ba komai, sai sinadarin ɓaurin nan, tanin, ya gamu da ruwan tsamin ciki, ya dunƙule da ɓawo da dusar 'ya'yan ya zama curi mai tauri a tumbi, wani lokaci sai an zura na'ura ta maƙogwaro an farfasa shi. Don haka ba abin buɗa-baki ba ne ga mai azumi. Alawarsa kuma rabinta sukari ne, mai ciwon sukari ya yi hattara.

Sai maganar jabu, wadda ta fi shafarka a matsayin ɗan kasuwa. Duk abin da ya yi suna, macuta sukan raɓe da sunansa. A Disambar 2016, a birnin Irkutsk na Rasha, mutum fiye da 70 suka mutu bayan sun sha wani ruwan wanka da aka rubuta wa sunan za'arur, wanda talakawa ke saye a madadin giya don arha. Ashe metanol aka zuba, guba mai makantarwa da kisa. A Amurka kuma, a 2022, wani yaro ɗan wata 23 a jihar New Jersey ya haɗiyi maganin rage ƙiba na mahaifiyarsa, wanda aka rubuta wa "saiwar tehokote", wato za'arur ɗin Meziko. Ya kama amai, bugun zuciyarsa ya yi ƙasa, da ƙyar aka ceto shi. Da masu bincike suka sayo irin wannan kaya guda 10 ta intanet suka gwada, 9 babu za'arur a cikinsu ko kaɗan. Abin da ke ciki wani tsiro ne mai guba da masana ke kira Thevetia, kuma ka san shi da ido ko ba ka san sunansa ba: mai siraran ganye da fure rawaya mai siffar ƙararrawa, wanda ake shukawa don ado a harabar makarantu da ofisoshi a nan ƙasarmu. Gubarsa zuciya take kamawa. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi ta fitar da gargaɗi a kan waɗannan kayayyaki daga baya. Idan haka ta faru a ƙasar da ke da ɗakunan gwaji a kowace jiha, kai da za ka sayi buhu a bakin dillali, da me za ka kare kanka? Yankakkun 'ya'ya ana iya gane su da ido, wannan sauƙi ne. Gari da kafso kuwa ba mai gane su sai na'ura, don haka ka nisance su.

Ka kuma tambaye ni ko ka zo da ɗanyun 'ya'ya da iri ka gwada shukawa a gonar mahaifinka. Kada ka yi. Na farko, wahalar banza ce: ƙwallonsa ba ya tsirowa sai ya sha sanyi na watanni, wani sai ya shekara fiye da ɗaya a ƙasa, itacen kuma yana buƙatar hunturu na gaske kafin ya yi fure. Na biyu, kuma shi ne babba, ɗanyen ɗan itace ba ya tafiya shi kaɗai. A Sin akwai wata asu da tsutsarta ke shiga cikin 'ya'yan za'arur da tuffa ta cinye su ta ciki, daga waje sai ɗan ƙaramin huji da ba kowa zai lura ba. A Amurka akwai wani ƙuda da tun asali a kan za'arur ɗin daji kaɗai yake rayuwa: macen ta huda ɓawo ta saka ƙwai, tsutsa ta yi ta rami a cikin tsokar, idan ɗan ya faɗo ta shige ƙasa ta jira shekara mai zuwa. Turawa suka kai tuffa ƙasar, aka daɗe ba abin da ya faru. Sai a tsakiyar ƙarni na 19, a kwarin kogin Hudson, aka wayi gari ƙudan ya koma kan tuffa. Masanin ƙwari Benjamin Walsh ya rubuta labarinsa a shekarun 1860. Yau shi ne ɗaya daga cikin manyan maƙiyan manoman tuffa a can, har ya rabu gida biyu, na tuffa yana fitowa makonni kafin na za'arur don tuffa ta riga nuna, kowanne kuma ƙamshin nasa itacen yake bi. Ikon Allah ke nan. Ƙwaro ya sauya abinci, ba wanda ya yi tsammani.

Akwai kuma wata cutar bakteriya da ke ƙone reshe, fure da ganye su yi baƙi ƙirin su maƙale a jikin itacen, kan reshen ya lanƙwashe. Ƙudan zuma da sauran ƙwari ne ke ɗaukar ta daga fure zuwa fure. Daga Amurka ta fito, ta shiga Ingila a 1957, ta sami shingayen za'arur ta zauna a ciki, daga nan take afka wa gonakin tuffa. Mu ma mun ɗanɗana irin wannan baƙon: ƙudan mangwaro ɗan asalin Asiya, wanda aka fara gani a Kenya a 2003, cikin shekaru kaɗan ya iso Afirka ta Yamma, ka tambayi duk mai lambun mangwaro ya ba ka labarin ruɓewar da yake gani. Saboda irin wannan ne aka kafa hukumar killace tsirrai da dabbobi a tashoshin jiragenmu, ba don a takura wa fatake ba. Manoman da ke fama da 'yar tuffarsu a tsaunin Jos ba su ci a kawo musu sabuwar masifa a aljihun jaka ba.

Ban rubuto don in kashe maka gwiwa ba, ɗana. Idan har ranka yana kan wannan kaya, akwai hanyar halal mai tsabta a ciki. Ka kawo shi a matsayin abin da masu shi suka san shi da shi: busassun 'ya'yan itace masu tsami, na dafa shayi bayan an ci nama. Mutanenmu masu son tsire da balangu ne, kuma sun saba da abin sha mai tsami, ba za ka rasa masu saye ba, musamman da Babbar Sallah. Ka fara da kaɗan ka ga yadda kasuwa za ta karɓa. Ka sa dillalin ya rubuta maka cikakken sunan nau'in da lardin da aka noma shi da shekarar girbi, ya kuma ba ka takardar gwajin ragowar maganin feshi da ta lafiyar tsirrai. Ka buɗe buhu da hannunka, ka shinshina, ka duba fumfuna da ƙwari, don kayan da ya kwana a teku cikin laima yakan iso da abin da ba a loda shi da shi ba. Ka kai wa NAFDAC su yi masa rajista kafin ya shiga kasuwa, ko da hakan zai ja maka jinkirin wata da watanni.

A jikin ledar ka rubuta sunansa, da yadda ake dafawa, da cewa mai ciki da mai shayarwa da mai olsa su ƙaurace masa, mai shan maganin zuciya ko na hawan jini kuma ya tambayi likitansa, kada ya daina ƙwayarsa. Ka rubuta da boko da ajami don kowa ya karanta. Kalmar "magani" kada ta fito ko sau ɗaya. Yaran da za su yi maka talla ka zaunar da su ka ja musu kunne, don sau da yawa abin da mai kaya ya ƙi rubutawa, bakin ɗan talla ne ke faɗarsa a tasha da lasifika.

Idan takardun dillalin sun zo, ka turo mini hotonsu in duba kafin ka biya ko sisi. Ka gaida mahaifiyarka da kyau, ka ce mata ina nan tafe bayan sallah in Allah ya yarda.

Baffanka.